Basir a Ƙarshen Ciki: Yadda Za Ki Samu Sauƙi da Lokacin da Za Ki Garzayo Asibiti



A ranakun awo, tun kafin mace ta buɗe baki mukan gane ta. Ita ce wadda za ta zauna da ɓari ɗaya a kan benci ta dogara da hannu, in an jima ta juya ɗaya ɓarin. Mu auna jininta, mu auna ciki, mu saurari bugun zuciyar jariri, mu tambaye ta ko akwai wata damuwa, ta ce babu. Sai ta gyara mayafi ta kai bakin ƙofa, sannan ta waiwayo ta ce ƙasa-ƙasa, "Sista, ni kuwa basir ne ya sako ni gaba." Wasu ma ba sa waiwayowa, musamman masu cikin fari, waɗanda shi kansa cikin kunyarsa suke ji balle a zo maganar dubura. Haka za su biyo hanya tun daga Funtua, Bakori, Danja, Ƙafur ko Malumfashi har nan Shika, su sha jijjigar mota a kan ciwo, su koma gida da abinsu ba su faɗa wa kowa ba.

Abin da nake so ki riƙe tun farko shi ne, basir ba ya taɓa jaririn da ke cikinki, kuma ba ya hana ki haihuwa da kanki. Abin da ke cutar da uwa da ɗa shi ne irin magungunan da ake ɗirkawa saboda shi, da kuma wasu matsaloli masu haɗari da ake kira basir alhali ba shi ba ne.

Mene ne basir a wurin likita?

In kin saurari mai maganin gargajiya da ke yawo da lasifika a ranar kasuwa, za ki ji kusan babu ciwon da ba basir ba: ciwon baya, kasala, kumburin ciki, jiri, rashin cin abinci, har da matsalolin maza. A asibiti ba haka muke nufi ba. A bakin dubura, ta ciki da ta waje, Allah ya yi wa kowane ɗan'adam wasu 'yan matasai na tsoka masu cike da jijiyoyin jini, waɗanda ke taimakawa wurin ya rufu sosai. Idan waɗannan jijiyoyi suka cika da jini suka kumbura, ko suka saki suka zazzago ƙasa, shi ne basir. Wato dai irin kumburin jijiyar nan ne da kike gani a ƙafar wasu masu ciki, sai dai shi a wani wurin ya fito.

Na ciki yawanci ba ya ciwo sosai. Alamarsa ita ce jini ja wur da ke ɗiga bayan an gama bayan gida, ko wani ɗan tsiro mai laushi da ke leƙowa in an yi yunƙuri, ya koma da kansa ko sai an tura shi. Na waje kuwa yana ƙarƙashin fatar da ke jin ciwo, shi ya sa yake ƙaiƙayi da zugi. Mafi azaba shi ne idan jini ya daskare a cikinsa: dare ɗaya sai ki ji wani ƙullutu mai tauri kamar ƙwayar gurjiya, launinsa ya yi shuɗi-shuɗi, ba zama ba tafiya. Akwai kuma wata matsala da ake yawan haɗa ta da basir, wato tsagewar fatar dubura saboda bayan gida mai tauri. Ita wannan ji za ki yi kamar ana yanka ki da reza lokacin da bayan gida ke fita, raɗaɗin kuma ya ɗauki awa ɗaya ko fiye bai lafa ba.

Dalilin da ya sa ya fi kama mai tsohon ciki a fili yake. Jinin jikinki yana ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin ki haihu. Mahaifa ta yi nauyi ta danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙugu da ƙafafu zuwa zuciya, sai jinin ya riƙa taruwa a ƙasa. Sannan akwai wani sinadari da jikin mai ciki ke yawaita fitarwa, furojestaron, wanda ke sassauta tsokar mahaifa don ciki ya zauna. To ba mahaifa kaɗai yake sassautawa ba, har da bangon jijiyoyi da hanji. Hanji ya yi sanyin aiki, abinci ya daɗe a ciki, ruwansa ya tsotse, bayan gida ya bushe. Ke kuma ki je ki yi ta yunƙuri, jijiyoyin da dama a cike suke su ƙara kumbura.

Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ciwon talaka ko na ƙauye ba ne. A wani bincike da aka buga a 2014, likitoci a ƙasar Lituwaniya ta Turai sun bi mata 280 tun daga farkon ciki har bayan haihuwa. Mata 123 daga cikinsu, kusan kashi 44 cikin 100, sun samu basir ko tsagewa, kuma mafi yawansu a watanni ukun ƙarshe abin ya same su. Daga cikin abubuwan da aka gano sun fi jawo shi akwai taurin bayan gida, da daɗewa ana yunƙuri wajen haihuwa fiye da minti 20, da haihuwar jariri mai nauyin da ya wuce kilo 3.8.

Jinin da ba na basir ba

Kafin mu zo maganar samun sauƙi, bari in fara da abin da ya fi tayar mana da hankali a ɗakin haihuwa. Idan cikinki ya yi girma ba kya iya ganin ƙasanki. Kin shiga makewayi, wataƙila da dare, kin ga jini a ruwan tsarki, kin san dama kina da basir, sai ki ce shi ne. Alhali ta gaba jinin ya fito.

Jinin basir ja ne mai haske, kaɗan ne, yana biyo bayan gida ne, kuma yana tsayawa da kansa. Jinin da ke fitowa ta gaba a ƙarshen ciki kuwa yana iya zama alamar mabiyiya ta zauna a bakin mahaifa ta tare hanya, wanda sau da yawa ba ya zuwa da ciwo ko kaɗan, ko kuma mabiyiya ta fara ɓallewa daga jikin mahaifa, wanda yakan zo da ciwon mara mai tsanani, ciki ya ƙanƙame ya yi tauri kamar dutse. Duka biyun suna iya halaka uwa da ɗa cikin 'yan awoyi.

Saboda haka duk lokacin da kika ga jini, ki wanke, ki samu auduga ko tsumma fari mai tsabta ki dangwala a gaba, ki samu wani daban ki dangwala a baya, ki duba a wurin da ke da haske. In ta gaba ne, ko ɗigo ɗaya ne, ko kuma kin kasa tantancewa, ki kama hanyar asibiti mafi kusa a lokacin, ba sai ranar awo ba. Kada ki bari kowa ya sa miki hannu ta gaba a gida don ya duba.

Abu na biyu da ke rikita mata shi ne nauyi a dubura. Idan kan jariri ya sauko, ji za ki yi kamar bayan gida ya matse ki. Duk ungozomar da ta daɗe tana aiki ta san labarin matan da suka haihu a bakin masai saboda sun ɗauka bayan gida ne. In nauyin yana zuwa yana lafawa yana dawowa, tare da ciwon baya ko ɗaurewar mara, ko kin ga majina mai jini-jini ko ruwa ta gaba, wannan naƙuda ce. In kuma cikin bai kai sati 37 ba, ya fi gaggawa.

Haka nan ki zo asibiti ba tare da jinkiri ba idan wurin ya kumbura ya yi zafi kina zazzaɓi, ko yana fitar da mugunya, domin wannan maruru ne kuma sai an fasa shi. Ki zo idan tsiro ya fito ya ƙi komawa ya fara yin baƙi, ko jinin ya yi yawa da gudaji, ko kina jin jiri da bugun zuciya da haki, ko jinin a cakuɗe yake da majina da gudawa irin ta atini.

Malam maigida, wannan ɓangaren naka ne. Tun ciki yana wata 7 ka san motar da za ka kira, ka ajiye kuɗin mai a gefe, ka kuma bar izini a gida cewa in an ga jini a tafi ko kana gona ko kana kasuwar Dandume. A 'yan shekarun nan tafiyar dare ta yi wuya a wasu ƙauyukanmu na wajen Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara, don haka matar da ta ga alama da rana kada a ce ta bari a ga yadda za ta kwana. Babban asibitin Funtua da na Malumfashi sun fi kusa da ku, a fara da can, in da buƙata su za su turo.

Babban magani yana cikin tukunya da randa

Duk man da za mu ba ki ki shafa, rage zafi kawai zai yi. Muddin bayan gida yana fita da tauri, kullum kina fama ciwon ne. Aikinki na farko shi ne ya yi laushi har ya fita ba tare da yunƙuri ba.

Mu fara da ruwa. Ki sha kofi 8 zuwa 10 a rana, wato kamar lita 2 zuwa 2 da rabi. In fiya wata kike sha, leda 4 zuwa 5 ke nan. Na san dalilin da ya sa masu tsohon ciki ke ƙin shan ruwa, fitsari ne ya dame su. To ki fi sha da safe da rana, ki rage in dare ya yi. Da bazara ƙishirwa za ta tuna miki, amma da hunturu sai mace ta wuni ba ta sha kofi 3 ba, ga iska busasshiya, shi ya sa muke yawan jin wannan koke a lokacin sanyi. Ki duba fitsarinki: in ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. In azumi ya riske ki a wannan hali, ki gaya mana mu duba ki, ki kuma tambayi malamai game da sauƙin da addini ya yi wa mai ciki.

Sai abinci mai harza, wato wanda ke da ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, wanda ke riƙe ruwa ya sa bayan gida ya yi taushi. Ana so babba ya samu giram 25 zuwa 30 na wannan a rana. Abin mamaki, mu da muke zaune a yankin da ke ciyar da jiha da masara, dawa, gero, wake da waken soya, mu ne muke surfe hatsi tas mu kwashe dusar mu zuba wa awaki, mu ci farin gari. Awakinmu ba sa taurin kashi. Ba na ce ki daina surfe ba, amma ki sa a yi shi sama-sama, ko a riƙa kai dawa da gero inji a wanke kawai ba a cire bayansu duka ba, kuma kada a tankaɗe da rariya mai laushi ƙwarai. Tuwon ba zai yi fari ba, amma cikinki zai gode.

Kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan giram 11, ya haura kashi ɗaya bisa uku na abin da kike buƙata a wuni. Ki ci shi a fate, ko da shinkafa amma waken ya rinjaya. In yana sa ki kumburi, ki jiƙa shi ya kwana ki zubar da ruwan, ki fara da kaɗan. Miyar kuka, kuɓewa, ayoyo da karkashi duk masu yauƙi ne, suna taimakawa ƙwarai. Ga kwaɗon zogale da na rama, ga dambu mai ganye da yawa, ga alayyafo, yakuwa da kabewa. A 'ya'yan itace ki nemi nunanniyar gwanda, mangwaro, kankana, dabino, da lemo wanda za ki ci da tsokarsa, ba ki tsotse ruwan ki yar ba. Dankalin Hausa ma yana da kyau. Abin da za ki rage shi ne wuni a kan farin burodi da shayi, taliyar leda, farar shinkafa da mai da yaji ba ganye, da biskit. Ki ƙara waɗannan abubuwa sannu a hankali cikin sati ɗaya ko biyu, kuma tare da ruwa, domin harza ba ruwa tana iya ƙara cushe ciki.

Ana yawan cewa zaƙi ne ke kawo basir, ko yaji. Sukari ba ya kumbura jijiyar dubura, ko da yake yawansa ba alheri ba ne ga mai ciki ta wasu fuskokin. Barkono ma ba shi ke haddasa basir ba, sai dai wadda ke da tsagewa za ta ji a jikinta washegari, don haka ta rage.

Yanzu maganar makewayi. A babban gida mai mutane da yawa, mace takan ji bayan gida da safe, ta leƙa ta ga surukinta ko ƙannen miji a tsakar gida, ta koma ɗaki ta danne har dare. Duk awar da ya ƙara a ciki, ƙara bushewa yake. Da zarar kin ji, ki je. Hanji ya fi motsi bayan an karya kumallo, don haka ki saba wa kanki da zuwa a wannan lokacin, bayan kin sha koko ko kunu mai ɗumi. In kin shiga, kada ki wuce minti 3 zuwa 5. Bai zo ba, ki tashi ki zagaya, zai dawo. Kada ki riƙe numfashi ki yi nishi, ki saki ciki kina fitar da iska a hankali ta baki. Tsugunon da muka saba ya fi zama a kan masai na tangaran sauƙin fitarwa, sai dai mai tsohon ciki ta samu abin dafawa. Mai masai na zama kuma ta sa 'yar kujera ta ɗora ƙafafunta, kuma ta bar wayarta a ɗaki.

Kada ki ajiye ƙwayar ƙarin jini

Gaskiya ne ƙwayar ƙarin jini da muke bayarwa a awo tana sa wasu mata taurin bayan gida, tana kuma mayar da shi baƙi. Baƙin ba matsala ba ne. Matsalar ita ce mace ta gano haka, ta zuba ƙwayoyin a kwalla ta yi shiru, ranar awo ta ce tana sha. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan 61 cikin kowace 100 na masu ciki a Najeriya suna da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha wannan ƙwaya kullum tare da 'yar ƙaramar rawayar nan. Ke da basir ke ɗibar miki jini kaɗan-kaɗan, ga haihuwa na tafe da nata zubar jinin, kin fi kowa buƙatarta. Basir zai hana ki zama, amma ƙarancin jini a ranar haihuwa rai yake ɗauka. Ki gaya mana ta dame ki. Za a iya canza miki wata iri, ko lokacin sha, ko a haɗa miki da maganin tausasa bayan gida. Ki sha ta da ruwa ko lemo, ba da shayi ba, domin shayi yana hana jiki tsotse ta.

Idan ciwon ya taso

Ki samu baho mai faɗi mai tsabta, ki zuba ruwa mai ɗumi, wanda in kin tsoma gwiwar hannu ba za ki janye ba, ki zauna a ciki minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana, musamman bayan kin zagaya. Ruwa zalla ya isa. Kada ki zuba Dettol, kanwa ko omo. Ki sa wani ya kama ki wajen tashi. In kumburin sabo ne, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ko ledar ruwa mai sanyi, a ɗora minti 10, tana rage shi. Kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye.

Tsarki da ruwa da muke yi alheri ne babba, ya fi goga takarda nesa ba kusa ba. Ki yi a hankali ba da dirza ba, ba da sabulu mai ƙamshi ba, sannan ki dangwale wurin ya bushe. In tsiro ya leƙo kuma yana da laushi, ki wanke hannu, ki shafa Vaseline ko man kaɗanya mai tsabta a yatsa, ki kwanta ta gefe ki mayar da shi a hankali. Ƙullutun nan mai tauri na waje kuwa ba na turawa ba ne, dama a waje yake. Shi azabarsa ta fi yawa a kwana 2 zuwa 3 na farko, daga nan ta fara sauka, ƙullutun ya saɓe cikin 'yan makonni. In kin zo da wuri kuma ciwon ya fi ƙarfinki, likita na iya yi miki allurar kashe zafi a wurin ya ɗan tsaga ya fitar da gudan jinin, aikin 'yan mintuna ne, ko da ciki.

Ki riƙa kwanciya ta gefen hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi, ko da minti 20 ne sau biyu da rana. Babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya ta ɓangaren dama take, in kin kwanta ta hagu mahaifa ta ɗaga daga kanta, jinin da ya taru a ƙasa ya samu hanya. Doguwar tsayuwa da dogon zama duk suna ƙara shi. Da kaka na san aiki ba ya ƙarewa, ga ɓarar masara, ga sussuka, ga casar wake, mace ta wuni a kan 'yar kujerar tsuguno. Ki tashi ki taka duk bayan rabin awa. Tafiya a hankali, ko a tsakar gida ne, tana motsa hanji. Iyayenmu mata da abokan zama, don Allah a karɓar mata daka, jan guga da ɗaukar tulu a waɗannan makonni. Ba son jiki ba ne.

Kemis da mai magani

Maganin ciwon da ya dace da ke shi ne farasitamol, ƙwaya 2 a lokaci ɗaya, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana ɗaya. Waɗanda ake kira maganin ciwon jiki, irin su diklofenak, ibufurofen da firoksikam, ba naki ba ne. A ƙarshen ciki suna iya rage ruwan da jariri ke kwance a ciki ta hanyar taɓa ƙodarsa, suna kuma iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa wadda bai kamata ta rufe ba sai bayan an haife shi. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin a guje su tun daga sati 20. Ki kiyayi haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna, domin da wuya a rasa ɗayansu a ciki. Tiramadol da kodin kuwa, ban da sauran illolinsu, ƙara ƙulle ciki suke yi.

In abinci da ruwa ba su wadatar ba, akwai maganin ruwa mai zaƙi da ake kira laktulos wanda muke ba masu ciki. Yana jawo ruwa cikin hanji, kuma yakan ɗauki kwana 1 zuwa 2 kafin ya fara aiki, don haka kada ki ƙara yawansa don kin ga shiru a ranar farko. Akwai man shafawa da na matsi masu rage ƙaiƙayi da zugi, amma ki bari ma'aikacin lafiya ya zaɓa miki, domin wasu ba a wuce kwana 7 ana amfani da su.

Sai jiƙe-jiƙe. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan maganin basir ko wankin ciki, aikinsa shi ne ya sa gudawa. Mutum ya yi ta zagayawa, a ce masa ai dattin ne ke fita. Ga mai tsohon ciki wannan ba wasa ba ne: ruwan jikinta ya ƙare, zagayawa da yawa ta ƙara fito da tsiron, kuma abin da ke murɗa hanji da ƙarfi, irin man zurma, yana iya tayar da mahaifa. Ba ki san abin da ke cikin jarkar ba, ba ki san yawansa ba. Haka maganin zaƙi da ake ba masu ciki in wata ya kusa. Na san sau da yawa uwa ce ko uwar miji ta kawo da kyakkyawar niyya, ƙin karɓa kuma da nauyi. Ki ce mata a asibiti an hana, ki ɗora laifin a kanmu, mun yafe. Kanwa ma ba maganin taurin ciki ba ce gare ki, gishirinta yana da yawa, ga masu ciki da dama na fama da hawan jini.

Kada ki cusa tafarnuwa, toka ko wani gari, kada ki shafa mantaleta, kada ki tsuguna a kan garwashi. Kada kuma ki yarda wanzami ko wani ya yanke tsiron, ko ya ɗaure shi da zare, ko ya ƙona shi. Jijiyar jini ce. Mun karɓi waɗanda aka kawo jini ya ƙi tsayawa, da waɗanda wurin ya ruɓe.

Ranar haihuwa da kwanakin jego

Basir ba dalilin yin tiyatar haihuwa ba ne. In kin zo naƙuda ki gaya wa ungozoma kina da shi, za ta san yadda za ta tallafe wurin. Kada ki fara yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi a haihuwar gida, a sa mace ta yi ta nishi tun naƙuda na ɗanya, ta gaji, bakin mahaifa ya kumbura, basir ya fito waje gaba ɗaya.

Kada ki firgita in kin ga ya ƙaru a kwanakin farko bayan haihuwa, haka yake yi kafin ya ja baya. Bayan gida na farko yana ba masu jego tsoro, musamman wadda aka yi wa ɗinki. Ɗinkin ba zai farke ba. Ki dafe wurin da auduga mai tsabta, ki saki jiki, kada ki ɗage shi kwana da kwanaki. Mai shayarwa ta fi mai ciki buƙatar ruwa. Naman jego da tuwo ba laifi, amma a haɗa da ganye da 'ya'yan itace, a kuma sassauta yaji.

Zama a ruwan ɗumi yana da amfani a jego, sai dai ɗumi muka ce, ba tafasasshe ba. Fatar wurin a kumbure take, saurin salewa gare ta. Game da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi kuwa, tun shekarun 1970 likitocin Zariya, Davidson da Parry, suka nuna alaƙarsu da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a wannan yanki namu. A dama kunu ba kanwa, ko na tsamiya.

Ga yawancin mata, basir na lafawa cikin 'yan makonni bayan an sauka, shi ya sa likitoci ba sa gaggawar yin aiki a kansa lokacin ciki. In kun dawo awon sati 6, kika ga har yanzu yana jini ko yana fitowa, ki faɗa kafin a tambaye ki. Za a tura ki wurin likitocin tiyata su duba, kuma ba kowane ne ke kai wa ga yanka ba, akwai wanda ake ɗaure wa 'yar roba ta musamman a asibiti ya bushe ya faɗi da kansa. In kuma a gidan akwai wani babba, ko maigida ko Iya, da ya daɗe yana ganin jini a bayan gida yana ramewa yana shan maganin basir, ku taho da shi a duba shi, domin ciwon dajin hanji ma da haka yake farawa.